Farfaɗo da tsohuwar Peugeot 504: tsatsa yanke ta ake yi, mastik ba ya maganinta

Motar da ta yi shekara da shekaru tana jigilar fasinja da buhunan hatsi tsakanin Yamai, Tawa, Maradi da Damagaram ta fara zama abin nema ga masu sha'awar tsofaffin motoci. Injinta kowane makanike ya san shi. Jikinta ne ke kai ta kasuwar tsofaffin ƙarafa, kuma gyaran da aka fi yi masa a garejin unguwa ɓoye cutar kawai yake yi.

Duk wanda ya haura shekara arba'in a Nijar da wuya a ce bai taɓa shiga Peugeot 504 ba, ko ta gida, ko doguwar familiyal ta tasha, ko bashe mai ɗaukar awaki da albasa ranar kasuwa. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a 1968, aka zaɓe ta motar shekara a Turai a 1969, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Kenya da tseren Maroko, abin da ya ƙara mata suna a kan munanan hanyoyi. A wannan shekara ta 1975 ne masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki. Faransa ta daina ƙera ta gida a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Jimilla an ƙera sama da miliyan uku.

A Faransa, motar da ta cika shekara 30 tana iya samun takarda ta musamman a matsayin motar tarihi, kuma 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, waɗanda kamfanin Pininfarina na Italiya ya ƙera jikinsu, sun zama kayan masu hali. A Nijar dalilan sun sha bamban. Wani motar mahaifinsa ce yake son ya sake gani a kan titi, wani kuwa har gobe da ita yake ciyar da iyali. Dukansu biyu wuri ɗaya suke cin karo, wato ranar da toliye, wanda a hayin Najeriya ake kira fanal-bita, ya ɗaga tabarmar roba ya ga ƙasa ta cikin daɓen mota.

Tsatsa a ƙasar da damina ba ta wuce wata huɗu

Abu uku tsatsa take bukata: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Aikin fenti shi ne raba ƙarfen da sauran biyun. Da zarar ta kama ba ta tsayawa da kanta, domin tana shan ruwa kamar soso, tana kuma kumbura fiye da ƙarfen da ta ci, sai ta ɗaga fenti ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya. Gishiri yana hanzarta wannan aiki ƙwarai. Motocin shekarun 1960 da 1970 kuma ba su da kariyar da na yau suke da ita. Lulluɓe tol ɗin mota gaba ɗaya da zinki bai yaɗu ba sai daga baya. Audi 80 ta 1986 tana cikin na farko-farko da aka yi wa haka a motocin da ake ƙerawa da yawa.

Mutane da dama suna ɗauka tsatsa matsalar garuruwan bakin teku ce irin su Kwatano da Lome. Akwai gaskiya a ciki, don busasshiyar iska tana raya ƙarfe, shi ya sa ake ganin motoci a Agadas da rana ta ƙone fentinsu ƙurmus amma tol ɗinsu garau. Sai dai da yawa daga cikin waɗannan motoci da cutarsu suka iso. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai kan sayi tsofaffin 404 da 504 da araha, su keto hamada ta Aljeriya, ta Tamanrasat, Asamaka da Arlit, su sayar da su a Agadas, Tawa, Yamai ko gaba, su koma gida a jirgi. Rashin tsaro ya kashe wannan hanya a farkon shekarun 1990, tashoshin jiragen ruwa suka ci gaba da kawo na hannu. Motocin sun riga sun yi shekaru a ƙasashen da ake watsa gishiri kan titi lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin nan kuwa ya shiga kowane lungu na ƙarƙashinsu. Busasshiyar iskar Sahel ta rage wa tsatsar gudu ne kawai.

Ta gida kuma ƙura ce ke haifar da ita. Ƙurar hunturu tana shiga cikin ƙofofi da duk wani ƙarfe mai rami a ciki, ta toshe ƴan hudojin da masana'anta ta bari a ƙasa domin ruwa ya tsiyaye. Rana kuma ta busar da robar gilashi da ta ƙofa, ta tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwan Yuli da Agusta ya bi tsagar, ya tarar da ƙura, su zama laka, lakar nan kuma ta yi makonni a jiƙe a wurin da iska ba ta shiga. A bashe abin ya fi muni saboda kayan da take ɗauka. Kanwa, gishiri, takin zamani da fitsarin dabbobi duk masu cin ƙarfe ne, haka ma ruwan batir da ke ɗiga a mazauninsa.

Ke nan tsatsar da ta fi haɗari daga ciki take tasowa. Ƙurjin da aka gani ya taso a fentin gindin ƙofa alama ce ta riga ta huda tol ɗin daga baya, kuma abin da ke ɓoye kusan kullum ya fi wanda ke bayyane faɗi.

Jikin shi ne ƙashin bayan

Land Cruiser, Hilux da tsohuwar Land Rover suna da shasi, wani tsani na ƙarfe mai kauri da aka ɗora jiki a kansa. In jikin ya ruɓe mota ta yi muni, amma tsanin yana nan riƙe da inji da ƙafafu. 504 ta gida da familiyal, kamar yayarta 404, ba su da wannan tsani. Siraran tol ne aka lanƙwasa aka haɗa da dubban ɗigon walda har suka zama akwati guda mai ɗaukar nauyin kansa. Gwangwanin madara da ba a buɗe ba yaro zai iya tsayawa a kansa. A yanke gefensa, da yatsa biyu ma sai a murƙushe shi.

Saboda haka ba kowane tol ne ke da daraja ɗaya ba. Murfin inji, murfin kofur, ƙofofi da fiffiken gaba, wato tol ɗin da ya lulluɓe saman taya, tufafi ne. Ana kwance su a ɗaura wasu. Waɗanda ke ɗauke da mota su ne dokin ƙofa, dogon ƙarfen nan mai rami a ciki da ya miƙe ƙarƙashin ƙofofi daga tayar gaba zuwa ta baya. Dogayen ƙarafa biyu da inji ke zaune a kansu. Kofunan da amortisar na gaba ke ɗaurewa a ɗakin inji. Wurin da ƙafafun baya ke haɗuwa da jiki. Sai ginshiƙan ƙofa da daɓen da kujeru da bel ke kafe a ciki.

Familiyal mai cike da mutane, da kaya a kan rufi, tana gudu a kan babbar hanyar Konni zuwa Maradi, duk nauyinta a kan waɗannan wurare yake. In kofin amortisar ya ɓalle a cikin rami, taya ta karkace, sitiyari ya ƙwace. In aka yi karo kuma, kujerar da ke kafe a ruɓaɓɓen daɓe tare da mai ita take tashi.

Kyan ɗan maciji

Gyaran da aka saba gani ba ya wuce kwana uku. A bubbuga wurin da ya ruɓe ya shiga ciki, a cusa ragar waya ko kwali, ko a manna guntun tol, a shafe da mastik mai kauri, a goge, a fesa fenti. Mota ta fito tana sheƙi. Amma mastik roba ce da aka gauraya da gari mai laushi, ba ya ɗaukar nauyi, yana kuma shan danshi daga baya inda ramin yake a buɗe. Zafi ya buɗa ƙarfe, sanyin dare ya tsuke shi, gargadar hanya ta girgiza shi, sai ya tsage. Damina ɗaya ko biyu ƙurajen sun dawo, ramin kuma ya fi na da girma. Mastik yana da aikinsa na halal, wato daidaita ƴan ƙananan lotsawa a kan lafiyayyen ƙarfe, kaurinsa kada ya wuce kamar milimita 3.

Laifin ba na toliye kaɗai ba ne. Mai mota ne kan yi cinikin aikin a dunƙule tun ba a buɗe komai ba, ya matse farashi, sannan ya ce yana son motarsa kafin Salla. Wanda aka biya kuɗin kwana uku ba zai yi aikin wata biyu ba. Abin da ya fi shi ne a raba cinikin gida biyu: a biya kuɗin kwancewa da bincike tukuna, sa'an nan a yi maganar gyara bayan kowa ya ga abin da ke ƙasa.

Binciken ba ya bukatar kayan tsada. A cire kujeru, tabarmi da kwalayen ƙofa, a wanke ƙarƙashin mota a bar shi ya bushe. A naɗe mayen ƙarfe da ƙyalle a bi jiki da shi. Inda ya ƙi kamawa akwai mastik mai kauri. A ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, lafiyayyen tol yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai a ji dum. Duk inda aka yi shakka a soka turnabis da ƙarfi, ba da tausayi ba, don ramin da turnabis ya buɗe dama can yana nan. Akwai kuma gwajin jak: in an ɗaga kusurwa ɗaya sai ƙofa ta ƙi buɗewa ko ta ƙi rufewa, jikin yana murɗewa, dokin ƙofa ya gaji.

Tsatsar sama, wadda ba ta ci cikin ƙarfe ba, gogewa ake yi har a ga fari, a sa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik. Wadda ta yi zanzana ta rage kaurin tol, da wadda ta huda, babu wani magani da ke maido da ƙarfen da ya tafi. Yankewa ake yi.

Ina za a samo ƙarfen?

Mafi kyau shi ne tol na asali daga wata 504 da ta mutu ta wani dalili, ko hatsari ta wani gefe ko rashin takardu. A nan Sahel yana da riba a kan Turai, domin irin waɗannan gawarwaki suna nan a bayan gareji, a Katako ta Yamai, a Ƙofar Ruwa ta Kano da Fanteka ta Kaduna. Ana yanko ɓangaren da faɗi fiye da bukata, a zo gida a warware shi a hankali. A lura dai, 504 ta yi kusan shekara arba'in ana ƙera ta a ƙasashe daban-daban, an yi ta sauya ƙananan abubuwa, don haka a auna kafin a biya.

Akwai kuma sababbin tol da wasu kamfanoni ke bugawa domin tsofaffin motoci, ita ma ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai kula da gidan tarihin kamfanin da aka buɗe a garin Sosho a 1988, tana sayar da kayan tsofaffin samfura. Kafin su iso Maradi kuɗin jirgi da na duwan sun hau kansu, kuma sabon bugu ba kasafai yake zama daidai ba sai an gwada, an rage, an bubbuga.

Hanya ta uku ita ce ƙera facin da hannu, kuma a nan ne gwanintar maƙeran ƙasar take fitowa. Hannun da ke mayar da tsohon tol akwati ko murhu ba zai kasa lanƙwasa gindin ƙofa ba. Sharaɗin shi ne kauri. Tol ɗin waje na irin waɗannan motoci yana wajen milimita 0,8, na wuraren da ke ɗaukar nauyi kuma daga 1,2 zuwa 2. A sa irin kaurin da aka cire. Wanda ya fi siriri ba ya riƙewa, wanda ya fi kauri sosai kuma ba ya lanƙwasa tare da maƙwabcinsa, sai tsaga ta fito a bakin walda. Tol ɗin rufin ɗaki bai dace ba sam: ya yi siriri, ga zinki a jikinsa. Ganga ta fi shi kauri, amma wadda ta taɓa ɗaukar mai tana iya fashewa a hannun mai yanka ta. Rufin wata matacciyar mota ko murfin injinta shi ne ma'adinin da ya fi, domin irin ƙarfen ne, kaurin ya yi daidai, ga shi da ɗan lanƙwasa tun daga masana'anta.

Kafin a kunna wuta

Kuskuren da ba ya gyaruwa tun kafin walda ake yin sa. In aka yanke dokin ƙofa alhali mota tana tsaye a kan tayoyinta, ko an ɗora ta a kan duwatsu ta ko'ina, tsakiyarta na iya sauka da ƴan milimita ba wanda ya lura. A haɗa sabon ƙarfe a haka, karkatar ta zauna ke nan har abada: ƙofa ba ta rufuwa, gilashi yana tsagewa, taya tana cin gefe ɗaya.

Don haka gwani yakan fara da daidaita mota a kan shimfiɗaɗɗen wuri, ya tallafe ta a wurare da dama, ya auna tazarar ƙofofi da tsawon kusurwa zuwa kusurwa ya rubuta. Ya gicciya bututun ƙarfe a bakin ƙofofi da tsakanin ginshiƙai, ya ɗiga musu walda ta wucin gadi. Ƙofofin da kansu ma'auni ne, shi ya sa ake gyara maƙalansu tun farko, a riƙa rataya su ana dubawa a kowane mataki. Kuma gefe ɗaya ake yi a gama kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ba a taɓa ba shi ne abin koyi.

Sai wuta. Tankin esans fitar da shi ake yi gaba ɗaya a kai shi nesa, tare da bututunsa in suna kusa da wurin aiki. Tankin da ba komai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururin ne ke fashewa. A cire batir, a kankare kwaltar da ke ƙarƙashin daɓe, a janye wayoyi. Yaro ɗaya ya tsaya ta ɗaya gefen da bokitin yashi ko abin kashe gobara, kuma kada a rufe gareji sai an yi rabin awa da gama walda, saboda wutar da ke ci a ɓoye cikin rami. Hayaƙin zinki yana kawo zazzaɓi da ciwon jiki cikin dare, madarar da ake ba yaran gareji kuwa ba ta kare huhu. Abin da ke karewa shi ne a goge zinkin daga bakin walda a yi aiki a sarari. Baƙin tabarau na kasuwa shi ma ba ya tare hasken waldar lantarki.

Yanka da ɗinki

Ana yanka ne har a kai ga farin ƙarfe mai cikakken kauri, a ƙara santimita biyu ko uku bayan inda tsatsa ta tsaya. Rowar yanka ita ke sa walda ta riƙa huda, domin tol ɗin da ya sirance narkewa yake kamar kitse. Kusurwoyin ramin a yi su da ɗan zagaye, zafi ba ya taruwa a nan kamar yadda yake taruwa a kusurwa mai tsini. A ɗora kwali a zana siffar ramin, a yanka, a gwada, sannan a mayar da zanen kan tol.

Inda masana'anta ta haɗa tol biyu da ɗigon walda, ba a fizge su da kurfi. Ana bin ɗigon ɗaya bayan ɗaya da injin huda mai baki kamar milimita 8, a cinye na sama a bar na ƙasa lafiya. Wajen mayarwa, a huda sabon tol a wurare iri ɗaya da tazara iri ɗaya, a matse shi sosai, a cike kowace huda da walda har ta kama na ƙasa. Fuskokin da za su haɗu a shafa musu fenti mai zinki da aka yi domin walda, tun da bayan an rufe ba hannun da zai sake kaiwa can.

A tsakiyar tol kuwa, baki da baki ake haɗa faci da jiki, kamar yadda tela ke sa maho a riga mai tsada. Ɗora sabo a kan tsoho ya fi sauƙi da sauri, shi ya sa aka fi yin sa, amma tsakanin biyun akwai siririn sarari da ruwa ke kwana a ciki, kuma daga nan tsatsa ta gaba za ta fara. Mafi muni shi ne a ɗora faci a kan ruɓaɓɓen ba tare da an yanke shi ba.

Abokin gabar mai walda a nan zafi ne. Ƙarfe yana narkewa a wajen digiri 1500, harshen wutar gas kuma ya haura 3000, tol ɗin kuwa bai kai milimita ɗaya ba. Wurin da aka narkar yana tsukewa in ya huce, ya ja na kewaye da shi, sai ƙofa mai santsi ta koma kamar bayan kada. Waldar lantarki mai sanda, wadda ake yin ƙyauren gida da ita, ta yi wa wannan tol ƙarfi. Wutar karbir da oksijin, wadda ta fi yawa a gareji, tana yi in hannun gwani ne da ƙaramin baki, sai dai tana baza zafi da faɗi. Injin da ke tura siririyar waya da kansa, wanda ake kira MIG, shi ya fi dacewa, da waya ta milimita 0,6, in an samu iskar gas ɗinsa da wutar lantarki tsayayya.

Ko da wanne aka yi, dabarar ɗaya ce. Ba a jan walda a layi guda. A ɗiga nan, a tsallaka can nesa a ɗiga, a dawo, a bari ya huce har a iya ɗora hannu, a ci gaba har ɗigon su haɗu su zama layi. Tsakanin zagaye da zagaye a sa ƙaramar maƙera ta hannu a baya a bubbuga ɗigon da guduma, domin a buɗa abin da ya tsuke. Watsa ruwa domin a yi sauri yana ƙara tsukewar. Facin da bai fi tafin hannu ba yana iya cin rabin yini, kuma haka ya kamata. Wajen gurzawa ma a yi hattara: dutsen inji yana zafafa tol yana cinye shi, garin neman gira a rasa ido. In an gama a haska tocila ta baya, duk inda haske ya ɓullo a koma a cike.

Akwai wata al'ada da ta kamata a ware, wato liƙi da tagulla. Tagulla tana narkewa a wajen digiri 900, ƙarfen bai narke ba, don haka manne shi take yi. Tana da sauƙi, ba ta lanƙwasa tol sosai, amma ba ta dace da dokin ƙofa ko kofin amortisar ba. A Ingila masu binciken lafiyar mota ba sa karɓar irin wannan liƙi, ko mastik, a wurin da ke ɗaukar nauyi. Garin da ake barbaɗawa wajen liƙin kuma, in ba a kankare shi tas ba, yana tayar da fenti daga baya.

Bayan tol ɗin ma fuska ne

Wuta ta ƙone duk wata kariya da ke kewaye da walda, ciki da waje, saboda haka sabon gyara ya fi tsohon jiki saurin kamuwa in aka bar shi tsirara. Rani ne lokacin wannan aiki, don da damina farin ƙarfe kan yi ja cikin dare ɗaya. A wanke maiƙo, a fesa fentin shimfiɗa mai hana ruwa, irin na efoksi ya fi, a bi bakin kowace haɗa da roba mai toshe tsaga, sannan ɗan siririn mastik in da bukata, sannan launi.

Mataki na ƙarshe shi aka fi mantawa domin ba ya ganuwa. Cikin dokin ƙofa, ginshiƙai da gindin ƙofofi ana fesa musu kaki mai ruwa ta dogon siririn tiyo, ya bi lunguna ya daskare. Bayan fenti ake yin sa, in ba haka ba fentin ba zai kama ba. Baƙin mai na inji da wasu ke zubawa ya fi babu, amma yana tsiyayewa, yana tara ƙura, yana cin roba, kuma ranar da aka sake kawo wuta kusa da shi zai kama. Shafa kwalta a kan tsatsa kuwa rufe ruwa ne a ciki. Sai a sauya robar gilashi da ta ƙofa, a tabbata hudojin tsiyayar ruwa suna buɗe, a riƙa zura musu waya kowace shekara kafin ruwan farko.

Lamba, da iyakar abin da za a canza

Wuri ɗaya ne ba a taɓawa sai da shawara: inda aka buga lambar jikin mota, wadda ke rubuce a kart giriz. In tsatsa ta kai kusa da ita, a nemi hukumar da ke ba da takardun mota kafin a yanka, a ɗauki hoto. Lambar da aka yanko aka sake mannawa, ko da zuciya ɗaya aka yi, a idon jandarma da ɗan duwan alamar motar sata ce.

Hoto dai yana da amfani a kowane mataki, kuma wayar hannu ta sauƙaƙa shi. Mai mota ya ga ramin da aka yanke, ya ga facin kafin a rufe shi da fenti. Ranar sayarwa, waɗannan hotuna ne kaɗai shaidar cewa ƙarfe ne a ƙarƙashin sheƙin.

Masu tara motocin tarihi sun fi daraja wadda ta riƙe ƙarfenta na asali, don haka in rubu'in fiffike ne ya ruɓe, rubu'in ake canzawa, a bar sauran. Wannan ra'ayi ya dace da aljihun mai gyara a Damagaram, amma iyakarsa tufafin mota. A wuraren da ke ɗaukar nauyi gara a canza ɓangaren gaba ɗaya daga haɗa zuwa haɗa, da a jera ƙananan faci biyar a kan dokin ƙofa guda.

Akwai kuma motar da ba ta tasuwa. In dokin ƙofa biyu, kofunan amortisar, daɓe da mazaunin ƙafafun baya duk sun tafi tare, babu sauran wurin da za a auna daga gare shi, kuɗin aikin kuma zai ninka na sayen wani jikin mai lafiya. Irin wannan ana kwance ta ne a tsanake: ƙofofi da gilasai a jingine a inuwa, inji da giya a rufe su daga ƙura, rufin kuma a yanke shi da faɗinsa a ajiye domin facin wata.